Neman shawara: wane mayanki ya dace da tabar siga?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. An ba ni kyautar tabar siga (wato mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda) naɗin hannu, wasu kansu a zagaye, wasu masu tsini, amma duk wadda na yanke da wuƙar aljihu sai ganyen waje ya kama warwarewa, ɓurɓushin taba ya cika mini baki. Na ga mayanki iri uku a kasuwa: mai datsewa a miƙe, mai tsaga kamar harafin V, da kuma mahuji. Wanne za ku ba ni shawarar saya?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, ka sayi mai datsewa a miƙe, kuma ka tabbata mai reza biyu ne, domin rezojin suna haɗuwa daga gefe biyu a lokaci guda, ba su danne tabar zuwa gefe ɗaya kamar yadda mai reza ɗaya yake yi. Sai dai wurin da ka yanka ya fi mayankin muhimmanci. Idan ka duba kan sigar da kyau za ka ga 'yar hular ganye da aka manna da ƙaro, ita ce take riƙe da ganyen waje, kuma a sigar Kyuba za ka ga layuka uku a wurin. Milimita 2 zuwa 3 kawai za ka cire, sama da inda kan ya fara lanƙwasa, sannan ka datse da sauri cikin motsi ɗaya, ban da ɗari-ɗari. Ka lura da faɗin ramin mayankin ma, ya zama sigar za ta shiga: ana auna kaurin siga da kashi 64 na inci, don haka mai lamba 50 ta kusa milimita 20.

Amsa ta biyu: Ni mahuji na fi so, saboda ba ya taɓa gefen hular ko kaɗan, amma ba zai yi maka aiki a kan masu tsini ba, kuma ƙaramin rami yakan tara dafin taba har ɗanɗanon ya yi ɗaci wajen ƙarshe. Mai tsagar V yana iya duka biyun, masu zagayen kai da masu tsini.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kafin ka kashe kuɗi ka matsa sigar a hankali tsakanin yatsu biyu. Idan ka ji tana ƙaras-ƙaras, ta bushe ne, kuma ko mayankin sanannen kamfanin nan Xikar ka sa mata sai ta tsage. Ka ajiye ta a akwati mai danshin kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan makonni tukuna.