Sati biyar da kai ni ɗaki, sikanin ya ce cikina sati bakwai

Amaryar Bana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta taɓa shiga irin wannan ta faɗa min yadda ta ƙare, tun jiya ban runtsa ba. Yau sati biyar cif da kai ni ɗaki. Na ga ɓatan wata, gwajin fitsari ya nuna layi biyu, muka je sikanin, mai hoton ya rubuta sati bakwai. Maigida bai ce uffan ba, amma har muka iso gida bai dube ni ba. Wallahi ban san wani namiji ba kafin shi.

Maman 'Yan Biyu: Share hawayenki ƙanwata. Ke da sauƙi ma, ni uwar mijina ce ta riƙe takardar tana lissafi da yatsu a tsakar gida, kishiyata na wanke-wanke amma kunnenta na wajenmu. Sai da muka koma asibiti da ita, likita ya zana mata a takarda. Ba ta ba ni haƙuri ba, amma washegari ta aiko min da kunun tsamiya, na san ya isa.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ni ungozoma ce, kusan kowane wata sai mun kashe irin wannan wutar a ɗakin awo. 'Yata, a asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga muke fara ƙirga ba, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ne, don ita ce mace ke iya tunawa. Daga nan ake lissafa sati 40, kwana 280. Mai al'adar kwana 28 tana sakin ƙwai ne wajen kwana na 14, kin ga an ɗora miki sati biyu da babu ko alamar ciki a cikinsu. Cire biyu daga bakwai, me ya rage? Makon bikinki ke nan.

Tunda an zo wajen bari in ƙara. Ba a cikin mahaifa ƙwai ke haɗuwa da maniyyi ba, a bututun da ke gefenta ne. Ƙwan ba ya wuce awa 24 yana jira, maniyyi kuwa kan kai kwana biyar da rai. Bayan sun haɗu sai ya riƙa rabuwa, biyu, huɗu, takwas, yana gangarowa, sai wajen kwana shida zuwa goma ya manne a bangon mahaifa. Bayan mannewar ne jiki ke fitar da sinadarin da gwajin fitsari ke gani.

Ummu Uku: Ashe shi ya sa! Ni da gaggawa, kafin ranar al'adata ta zo na ɓarar da tsinken gwaji har uku, duk layi ɗaya. Kuma na ga ɗan ɗigon jini kwana ɗaya, na ɗauka al'ada ce har na ajiye sallah. Bayan sati guda warin albasa ya kore ni daga kicin.

Haƙuri Maganin Duniya: Ni nawa bai gangaro ba, a bututun ya tsaya. A sati na bakwai na fara ciwon mara gefe ɗaya, ga ɗigon jini baƙi-baƙi. Aka ce laulayi ne, aka jiƙa min magani. Daren da kafaɗata ta ɗauki ciwo, jiri ya kayar da ni a banɗaki, bututun ya riga ya fashe. Leda biyu na jini aka ƙara min, aka cire shi. Da ɗayan na haifi yarinyata bayan shekara biyu. Amarya, duba takardarki, in an rubuta yana cikin mahaifa ki yi hamdala, sauran magana ce kawai.

Maman 'Yan Biyu: Allahu akbar. Sannu 'yar uwa, Allah ya raya ta. Ni a sati biyar buhu kawai aka gani babu komai ciki, wani har ya fara min zancen wankin ciki. Na ƙi, na koma bayan kwana goma sha huɗu, sai ga zuciya biyu suna bugawa.

Anti Nas: Bugun zuciya sai wajen sati shida ake fara ganinsa, jiranki daidai ne tunda babu ciwo ko jini. Amarya, kin fara shan folik asid, ƙwayar bitamin da ke kare jariri daga nakasar ƙwaƙwalwa da laka? Hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da laka tana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Shi ya sa nake so a sa shi cikin kayan gyaran jiki, ya fi rabin tarkacen da ake ɗura wa amare amfani.

Amaryar Bana: Na gode Anti, na fara jiya. Na miƙa masa wayar ya karanta, ya ɗauko kalanda ya ƙirga da kansa har sau biyu. Bai ce komai ba dai, ya fita. Yanzu ya kira yana tambaya wai agwaluma nake so ko yalo.