Takardar gwajin na'urar hana ruwa komawa baya: wa ya taɓa samun irinta?

Mai gidan haya: Assalamu alaikum jama'a. Hukumar ruwa ce ta aiko mini da takarda, wai in kira mai lasisi ya gwada na'urar hana ruwa komawa baya da ke kusa da mita, in tura musu sakamako, in ba haka ba a yanke mini ruwa. Abin nan tun da aka sa shi ko ɗigo bai taɓa yi ba. To gwajin me kuma? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Mai lambu: Wa alaikumus salam. Alhaji, rashin ɗigo ba shaidar lafiya ba ce. Maƙwabcina ya haɗa maganin ƙwari a durom, ya jefa bakin tiyo har ƙasa, ya bar famfo a buɗe ya shiga gida. Ana haka babban bututun titi ya fashe, ƙarfin ruwa ya faɗi, sai tiyon nan ya riƙa zuƙo maganin yana mayarwa layi, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. Da ruwa ya dawo, na ga abin da famfonsa ya zubo a kofi: fari-fari, ga wari mai hawa kai. Allah ya taƙaita, babu wanda ya sha, amma sai da aka yi ta wanke layin, har na gidajen kusa.

Mai aikin famfo: Hanya biyu ce ruwa ke komawa. Ko dai ƙarfin layin hukuma ya faɗi ya zuƙo na gida, irin abin da Malam ya faɗa (fashewar bututu, ɗauke ruwa, ko 'yan kwana-kwana suna ja da ƙarfi), ko kuma na gida ya fi na hukuma ƙarfi ya tura, saboda injin ruwa ko tukunyar ɗumama ruwa ko tankin sama. Alhaji, abin da ke cikin na'urarka roba ce da sifirin. Roba tana tsufa, ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale ta hana ta rufewa, kai kuwa ba za ka sani ba, don ruwa na zuwa maka yadda ya saba. Na sha kwance wadda take sheƙi daga waje, ciki kuwa robar ta tsage. Idan irin wadda ake kira RPZ ce (mai bawul biyu na hana ruwa komawa, da na zubarwa a tsakaninsu), muna ɗaura ma'auni a 'yan ƙananan bakunan da ke jikinta: bawul na farko ya riƙe bambancin matsi aƙalla psi 5 (psi ma'aunin matsin ruwa ne), na tsakiya kuma ya buɗe ya zubar kafin bambancin ya sauko ƙasa da psi 2. Shi ya sa a wurare da dama, irin su Amurka da Ostareliya, ake cewa a gwada duk shekara.

Wani memba: Ni dai ina ganin hanyar tatsar mutane ce kawai.

Malamar lafiya: Haba ɗan'uwa. A 1933, lokacin baje kolin duniya a Cikago, ruwan ƙazanta ya haɗu da na sha a otal, atini ya kama mutum fiye da dubu, kusan ɗari suka rasu. Baƙi ne da suka watsu garuruwansu kafin ma a gane tushen abin. Kuɗin gwaji da ciwo, na yarda, amma layin ba naka ba ne kai kaɗai.

Uwar gida: Mu tamu matsalar daban ce. Ana sa na'urar sai hitarmu ta fara ɗiga ta bawul ɗin kariya duk lokacin da ta yi zafi. Ashe da can ruwan da ya kumbura yana ɗan komawa layi ne, yanzu an toshe masa hanya. Ƙaramin tankin da ke shanye kumburin aka ɗaura mana, shi ke nan.

Mai kula da ginin ofisoshi: Ku lura da inda za a sa RPZ. Tamu a ɗakin ƙasa aka sa, babu magudana, ranar da ta zubar, takardun ajiya suka sha ruwa. Kuma ku riƙe kwafin sakamakon gwaji, an taɓa ce mana ba mu tura ba.

Mai burtsatse: Oga mai famfo, ni na haɗa burtsatse da layin hukuma, amma akwai bawul ɗin hannu a tsakani. Ya isa?

Mai aikin famfo: Bai isa ba, ranka ya daɗe. Rana ɗaya yaro zai manta shi a buɗe, injinka ya tura ruwan rijiya gidajen mutane. Raba su. Kowane layi ya zubo cikin tanki daga sama, ka bar tazara tsakanin bakin bututu da leɓen da tankin ke tumbatsa, aƙalla ninki biyu na faɗin bututun, kada kuma ta gaza milimita 25. Wannan tazarar ba ta da robar da za ta tsufa, sai dai ka riƙa leƙawa kada wani ya ƙara mata guntun tiyo don rage ƙarar ruwa.

Mai gidan haya: Na gode ƙwarai, zan kira mai gwajin. Tambaya ɗaya ta rage: ruwan zai daɗe a kashe? In sanar da 'yan haya.

Mai aikin famfo: In ba a samu gyara ba, yawanci bai kai awa ɗaya. Ka ce ya taho da robobin canji, Alhaji, kada a kwance sannan a shiga nema.