Ɗalibaina suna ɗaukar gyaran labari tamkar sake kwafi, ina mafita?

Malamar aji biyar, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Makon jiya na ce yarana su rubuta gajeren labari. Su 63 ne, kuma fiye da rabi sun kawo min Gizo da Ƙoƙi kamar yadda kakanninsu sunka ba su. Sauran layi uku: yaro ya tafi kasuwa, mota ta buge shi, ƙurunƙus. Da na ce su gyara, sai sunka sake kwafe shi da kyakkyawan rubutu, ko harafi ba su taɓa ba. Don Allah ta ina zan faro?

Tsohon hedimasta, Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam ɗiyata. Kada ki raina masu Gizo, sun riga sun san ƙashin labari, ba su dai san sun sani ba. Ranar farko kar kowa ya buɗe littafi. Rubuta tambaya huɗu a allo: Wane ne? Mi yake so? Mi ya tare mai hanya? Yaya ta ƙare? Ku gwada su a kan tatsuniyar da sunka sani, sannan ki ce a cire Gizo a sa yaron da aka aika kasuwar Kara sayen albasa, kuɗin sunka ɓace. Kowa ya ba na kusa da shi da baki tukuna. Rana ta biyu su rubuta, suna tsallake layi ɗaya don wurin gyara. Jan biron nan naki ki bar shi cikin jaka ranar, in yaro ya ga ja tun farko hannunsa sanyi yake yi.

Wata uwa, Gwiwa:
Baba, tsallake layi kuwa? Mu ke sayen littattafan nan fa. A yi a bayan tsoffin takardun jarabawa mana.

Malamin Hausa, Wamakko:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma takardar da ba ta da daraja ta fi daɗin sokewa. Game da gyara, Malama, kalmar ce ta yi musu faɗi. Ki ba su aiki ɗaya kowane zagaye. Na farko, yaro ya karanta da ƙarfi, abokinsa ya tsayar da shi duk inda bai gane ba. Mai labarin mota za a tambaye shi: mi ya kai shi kasuwar? Wa ke jiransa gida? Amsar ita ce layukan da ya kamata ya ƙara. Ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ da su aya da waƙafi sai zagayen ƙarshe. Ni kan bari mutanen cikin labari su yi Sakkwatancinsu, "yat tahi", "mi kac ce", mai ba da labari kuma ya bi daidaitacciyar Hausa.

Malamar aji biyar:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Akwai buhun takardun zangon bara a ofis, gobe zan roƙi hedimasta. Sai dai yara 63 suna karatu da ƙarfi lokaci guda, ina jin gindin dogon yaro za mu koma.