Mene ne haricots verts a Turanci, kuma wane wake zan saya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ina koyon girki a kicin ɗin wani otal a Abuja. Shugaban kicin ya ba ni takardar abincin liyafar Asabar, na ga an rubuta *haricots verts amandine*. Littafin da nake karatu da shi na Ingila ne, shi kuma cewa ya yi *haricot beans* ƙananan fararen wake ne busassu da ake jiƙawa. Hankalina bai kwanta ba, ni za a aika kasuwa. Don Allah busasshen wake ake nufi ko ɗanye?

Ɗan Damagaram: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki sayi busasshe. Mu nan Nijar "ariko ver" muke furta shi, ba a faɗin harafin farko. A Faransanci *haricot* wake ne, *vert* kuma kore, wato koren wake da ake ci har da kwasfarsa, wanda Turanci ke kira *green beans*. Irin wanda kuke yankawa cikin soyayyar shinkafa da karas.

Hajiya Mai Tuwo: Gaskiya ya faɗa miki, amma bari in ƙara, 'yata. Littafinki ma bai yi ƙarya ba. Turawan Ingila sun ari kalmar suka laƙaba wa farin waken da ake sa wa miyar tumatir a gwangwani, wanda a Amurka ake ce wa *navy beans*. Koren kuwa *French beans* suke kiransa. A Amurka idan aka rubuta sunan Faransancin a takardar abinci, siriri mai laushi ake so, ba mai kauri ba. To a kasuwa ki tsaya ki zaɓa da hannunki cikin na Jos: wanda bai yi 'ya'ya ba, wanda in kin karya shi zai ce ƙas. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba ya kwana biyu, bar musu kayansu.

*Amandine* kuma da almon ake yi, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, a yanka shi fale-fale a soya a bota har ya yi ja. Waken ki jefa shi a tafasasshen ruwan gishiri minti 3 zuwa 4, ki tsame ki zuba a ruwan ƙanƙara, sannan ki juya shi a botar. Ina jin takaici in ga an dafa shi ya yi lugub, launinsa ya dushe.

Ɗan Damagaram: Hajiya, kin tuna min. In kin ga *haricots beurre*, 'yar'uwa, ba bota aka sa ba, wani iri ne mai ruwan ɗorawa. *Extra-fins* a jikin gwangwani kuma mafi siranta ke nan.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Hajiya, in almon ya yi tsada, gyaɗa za ta yi?

Hajiya Mai Tuwo: A gida za ta yi, da daɗi ma. A otal sai kin tambayi shugabanki, don akwai baƙin da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.