Yaya kulawar haɗin gwiwa take aiki wajen maganin ciwon damuwa a ƙananan asibitoci?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na karkara, kuma akwai matsalar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mata da yawa suna zuwa da ciwon kai da rashin barci da kasala, wata ta ce ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora dutse. A yi gwajin jini, babu zazzaɓin cizon sauro, babu taifot, amma bayan mako biyu sai in sake ganinta a kan benci da katinta a hannu. In na zauna da ita a natse, sai alamu su nuna ciwon damuwa ne. Idan na rubuta takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, yawancinsu ba sa zuwa, saboda kuɗin mota da tsoron a ce sun haukace. Na ji ana ambaton kulawar haɗin gwiwa. Mece ce ita, kuma da me ta bambanta da tura majinyaci gaba?

Dakta Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin shi ne majinyaciya ba ta barin hannunku. Tsarin ya samo asali ne daga Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, inda Wayne Katon da abokan aikinsa suka fara gwada shi a shekarun 1990. Mutum uku ne ke riƙe da shi: likitan da ke ganin kowa da kowa, wanda shi ke rubuta magani; mai bibiya, wanda galibi nas ne; sai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ba lallai ya ga majinyaciya ido da ido ba, yana dai zama da mai bibiya duk mako su bi sunayen da ke rajistar majinyatan da ake bibiya, su tsaya a kan waɗanda ba su samu sauƙi ba.

A ganina mai bibiyar nan ita ce ƙashin bayan al'amarin. Ita ce ke buga waya ta ji ko ana shan magani, ita ce ke koya wa majinyaciya warware matsalolinta ɗaya bayan ɗaya da komawa ayyukan da ta yi watsi da su, kuma duk zuwa tana auna ciwon da takardar PHQ-9, mai tambayoyi tara da maki daga 0 zuwa 27. Idan makonni suka wuce makin bai sauka ba, sai a sauya mataki, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

A binciken IMPACT da Jürgen Unützer ya jagoranta, wanda aka buga a 2002, an bi tsofaffi 1,801 a asibitoci 18. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda ke cikin tsarin alamun ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, alhali a kulawar da aka saba kashi 19 ne kawai.

Malam Auwal Nas ya amsa:

Allah ya ƙara basira, Dakta, sai dai ina da ja kaɗan. Alƙaluman Amurka sun fito ne daga inda ake ɗaukar ma'aikaci musamman don bibiya, alhali Malama ita ce mai awon ciki, ita ce mai rigakafi, wataƙila ita ce mai karɓar haihuwa da dare. Ya kamata a duba abin da aka samu a gida. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci binciken STEPCARE a ƙananan asibitoci 35 na Ibadan, aka buga sakamakon a 2019. An kwatanta tsarin haɗin gwiwa mai hawa-hawa da kulawar ma'aikatan da aka horar da littafin mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitoci, kuma bayan wata 12 kusan kashi uku cikin huɗu sun warware a kowane ɓangare. Abin da na fahimta shi ne horar da ma'aikaci ya gane ciwon, ya saurara, ya ba da ranar dawowa, ya ɗauke kaso mai yawa na aikin. Saboda haka kada Malama ta zauna jiran cikakken tsari. Littafi mai layi da biro da wayar hannu sun isa a buɗe rajista.

Dakta Bashir ya ƙara da cewa:

Na yarda, Malam Auwal, amma kada rajistar ta rasa likitan da za a kira. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji amfaninsu, kuma a nan ne mutane ke jefar da su su ce ba sa aiki; bayan an samu sauƙi ma ana ci gaba da sha na tsawon watanni. Sannan tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin cutar da kai take. Duk wadda ta amsa da i, ko take jin muryoyi, ko ta taɓa yin kwanaki ba barci tana surutu da rawar kai fiye da kima, lamarinta ya wuce a jira zaman mako, a ranar za a nemi likita.

Maman Ilham ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likitanmu yana zuwa ranar Laraba, zan roƙe shi ya ware rabin awa don rajistar. Saura matsala ɗaya: yawancin matan da wayar mazajensu ake samun su, kuma ba kowace ce ke son maigida ya ji dalilin kiran ba. Yaya kuke yi da wannan?