Banki ya ƙi ba ni bashin gida saboda albashi ɗaya: ina zan taɓa?

Assalamu alaikum. Lissafi ya cije min, ina neman shawarar masana.

Ni kaɗai ke da albashi a gidanmu. Gidan da nake son saya, na farko ke nan, kuɗinsa ya kai albashina na shekara 5. Na tara kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, wato albashin wata 6 cif. Sauran bashi ne, ruwa kashi 8, a biya cikin shekara 25, kowane wata zai cinye kusan kashi 42 na albashina kafin cire haraji. Ga bashin mota da ke cin kashi 8, saura wata 14. Jimla kashi 50 na albashina, su kuwa bankin iyakarsu 45.

Na nemi a mayar da shi shekara 30. Kashi 2 kacal ya ragu, kuma suka ƙi, wai ritaya za ta riske ni kafin in gama. Kuɗin aikin bayan fage ma ba su ƙirga ba, don babu shaidar shekara 2 a rubuce.

Abin takaicin, in na biya motar yau daga ajiyata zan shiga ƙarƙashin iyakar, amma kafin alƙalamin zai faɗi zuwa kashi 8 da ɗoriya, alhali 10 ne mafi ƙarancinsu. Ko'ina na ja, wani gefen ya buɗe.

Shin in biya motar yanzu in nemi gidan da ya fi araha, ko in haƙura wata 14 ɗin su cika?