Inda ƙasa ta taɓa karyewa

Shawarar da ta fi fitowa a tattaunawar masu nazarin duwatsu ita ce: kafin ka tambayi dalilin tsagewar nahiya a wani wuri, nemi tsofaffin tsagun da ke ƙarƙashinsa, domin ɓawon ƙasa ya fi saurin buɗewa a tsohon tabo. Babban kwarin Gabashin Afirka, inda nahiyar ke tsagewa, ya rabu biyu, ya bi tsofaffin tabo ya kewaye ƙaƙƙarfan tsohon dutsen da ke ƙarƙashin Tanzaniya. Arewacin tekun Atlantika ma ya buɗe kusa da inda wani tsohon teku ya rufe, kamar yadda masanin ilimin ƙasa Tuzo Wilson ya nuna a 1966.

An ja kunne dai, kuma na yarda: duba alkiblar ƙarfin da ke jan ɓawon ƙasa don ya rabe. Tsagin da ya kwanta layi ɗaya da ita ba kasafai yake buɗewa ba, sai dai ɓangarorinsa su zame gefe da gefe.